Koyon aikin kanel na Linux: Irin tambayar da masana ke tsayawa su amsa

Duk mai riƙe da wayar Android yana amfani da Linux, ko ya sani ko bai sani ba. A ƙarƙashin WhatsApp da Facebook akwai wata manhaja da ido ba ya gani, wadda ake kira kanel. Ita ke raba wa sauran manhajoji ma'adana, ita ke magana da kyamara da batir da allon taɓawa, ita ke yanke wane aiki zai gudana yanzu, wane zai jira.

Linus Torvalds ne ya fara rubuta ta a 1991, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki da ke ƙasar Finland. A yau layukanta sun haura miliyan 30, mafi yawansu da harshen C, kuma duk bayan mako tara zuwa goma ake fitar da sabon zubi. Babu mutum ɗaya da ya san ta ciki da bai, don haka mai koyo ba shi da makawa sai ya yi tambaya. Sai dai masu kula da sassanta aiki ya yi musu yawa, kuma sukan wuce tambayar da ba ta ba su abin kamawa ba.

Kuskure a kanel ba irin na sauran manhajoji ba ne. Idan ƙaramar manhaja ta yi tuntuɓe, rufe ta ake yi a sake buɗewa. Idan kanel ce, kwamfutar gaba ɗaya na iya sandarewa. Wanda ya ce kawai "na haɗa abina ya ƙi aiki" kamar wanda ya kira bakanike a waya ne ya ce mota ta tsaya, bai faɗi irin motar ba, bai faɗi ƙarar da ta yi ba.

Abu na farko da za a nema shi ne wane zubi kake kai. Umarnin uname -r zai nuna maka. Daga nan sai saƙonnin da kanel ɗin ta rubuta da kanta, waɗanda umarnin dmesg ke fitarwa. A kwafo su yadda suke, tun daga layin farko na kuskuren, ba guntun ƙarshe ba, domin a can sama ne sunan wurin da abin ya fara lalacewa yake. Ɗaukar hoton allo da waya sai idan na'urar ta sandare babu wata hanya, tunda ba a iya binciken kalma a cikin hoto.

Akwai kuma batun gurɓata. Kanel tana yi wa kanta alama idan aka loda mata direban da ba a buɗe rubutunsa ba. Fayil ɗin /proc/sys/kernel/tainted yana nuna sifili idan tana da tsabta. Idan ba sifili ba ne, masana da yawa za su ce ka cire direban ka sake gwadawa, kuma suna da gaskiya: ba za su gyara abin da ba su iya karantawa ba. Haka nan kanel ɗin da ke zuwa da Ubuntu ko Fedora an yi mata ƙare-ƙare, sai a gwada matsalar a kan tsantsar ta Torvalds tukuna.

Tambayar da ta fi kowace samun kulawa ita ce mai cewa: jiya yana aiki, yau ba ya yi. Torvalds ya daɗe da kafa ƙa'ida cewa sabon zubi bai kamata ya ɓata abin da ke yi wa mutane aiki a da ba. Kuma akwai kayan aikin gano mai laifi. Git, wadda shi ma Torvalds ne ya ƙirƙira a 2005, tana da umarnin git bisect. Ka nuna mata zubin da ke lafiya da wanda ya lalace, ta kai ka tsakiya, ka gwada ka faɗa mata sakamako, ta sake raba ragowar biyu. Tsakanin zubi da zubi akan sami sauye-sauye fiye da dubu goma, amma gwaji kamar 14 ya isa ya fito da guda ɗayan da ya jawo matsalar.

Aikin yana cin lokaci, domin kowane gwaji sai an sake haɗa kanel ɗin. A kan tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, ga wuta tana zuwa tana tafiya, abin na iya cinye kwana biyu. Umarnin make localmodconfig yana rage wahalar, tunda direbobin da na'urarka ke amfani da su kaɗai zai zaɓa. Masu koyon rubuta direba kuwa gara su yi gwajinsu a cikin kwamfutar kwaikwayo irin QEMU, inda sandarewa ba ta taɓa ainihin na'urar.

Saura sanin wanda za a tambaya. A cikin rubutun kanel akwai fayil mai suna MAINTAINERS, da ke jera kowane sashe da masu kula da shi, kuma ƙaramar manhajar get_maintainer.pl tana zaƙulo sunayen idan aka ba ta fayil ɗin da ake magana a kai. Matsalar sauti ba ta mai kula da Wi-Fi ba ce.

Sau da yawa amsar ba bayani ba ce, gyara ne za a turo maka a ce ka gwada. Wanda ya gwada ya dawo da sakamako, akan sa sunansa a layin Reported-by ko Tested-by na gyaran, ya shiga tarihin kanel ɗin tun bai rubuta ko layi ɗaya na C ba.