Hayar Mota A Filin Jirgin Landan: Karanta Kafin Ka Sa Hannu

A 'yan shekarun nan mutanenmu na Zango, daga Nima har Kumasi da Tamale, sun yawaita zuwa Ingila, wasu domin bikin sauke karatun 'ya'yansu, wasu ziyarar dangi, wasu kuma fatauci. Da yawansu idan sun sauka a filin jirgin Heathrow sukan so su ɗauki motar haya su tuƙa da kansu, domin kada su ɗora wa masaukinsu nauyi. Wannan ba laifi ba ne. Amma ya kamata mai karatu ya sani cewa farashin da ya gani a talla ba shi ne iyakar abin da zai biya ba, kuma takardar da ya sa wa hannu tana iya biyo shi da bashi har gida bayan ya dawo.

Da farko dai sai takardu. Dokar Birtaniya ta yarda baƙo ya tuƙa ƙaramar mota da lasin ƙasarsa har wata 12 daga ranar da ya shiga, muddin lasin bai mutu ba. Duk da haka yana da kyau mutum ya je ofishin DVLA tun yana gida ya karɓi lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, ya riƙe su biyun tare, gama na ƙasa da ƙasa ba ya aiki shi kaɗai. Yawancin kamfanoni suna so a ce mutum ya yi aƙalla shekara guda da lasinsa, kuma wanda bai kai shekara 25 ba sukan ƙara masa kuɗi a kan kowace rana.

Sa'an nan ga batun kati, inda mutanenmu suka fi yin tuntuɓe. Mu mun saba da kuɗi hannu da kuma MoMo, amma a can kamfani yana son katin bashi na banki mai ɗauke da sunan direban kansa. Wasu ba su karɓar katin da ke cire kuɗi kai tsaye daga asusu, balle tsabar kuɗi. A kan katin nan za su tsare wani adadi a matsayin jingina, ba za ka iya taɓa shi ba sai bayan ka mai da motar, wani lokaci ma sai an yi kwanaki. Wanda ya zo da guzuri daidai wa daida yana iya wayar gari ya ga kuɗin cefanensa a kulle.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne inshora. Za a ce maka motar tana da inshora, kuma gaskiya ne. Sai dai a cikin ƙananan rubutun akwai kason da ke kanka idan motar ta samu lahani, wanda sau da yawa yakan kai fam 1,000 ko fiye. Watau idan wani ya goge maka ƙofa a wurin ajiye motoci ya yi gaba, kai za ka biya gyara har zuwa wannan adadin. Mai karatu ya juya fam dubu zuwa sidi ya gani. Ma'aikacin kamfani zai yi maka tayin ƙarin inshora da zai rage wannan kason ko ya shafe shi, a kan wani kuɗi kullum. Kafin ka ce i ko a'a, tambaye shi ko ya haɗa da taya da gilashi da ƙarƙashin mota, domin sau da yawa waɗannan ba su ciki. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Idan an ba ka mabuɗi kada ka yi garaje. Zagaya motar, ka ɗauki hoton kowane gefe da wayarka, har da tayoyi da agogon mai, ka tabbata an rubuta duk wani ƙwarzane a takarda. Ka kuma tambayi irin man da take sha. A gidajen man Ingila kan famfon fetur kore ne, na dizal baƙi, kuma zuba wanda ba shi ba ɓarna ce da inshorar haya ba ta cika ɗauka ba. In an ba ka tanki cike, ka mai da shi cike ka ajiye rasit, in ba haka ba za su cika maka da tsadarsu.

Dattawanmu suna tune da cewa har zuwa 4 ga Agusta, 1974, a hannun hagu ake tuƙi a Ghana. Ingila tana nan a hagu har yau. Sitiyari yana dama, da hannun hagu ake sa giya, a shataletale kuma hagu ake shiga, a ba wanda ke zuwa daga dama hanya. Saboda haka mota mai canja giya da kanta ta fi sauƙi ga baƙo, ko da ta ɗan fi tsada. Alamun gudu kuma da mil ake rubuta su: 70 a babbar hanya kimanin kilomita 112 ke nan, a unguwanni da yawa na Landan kuwa 20 ne kacal. Wanda ya kwana cikin jirgi daga Ankara bai runtsa ba, gara ya huta tukuna ya karɓi mota washegari.

Har ila yau akwai kuɗaɗen da babu mai tsai da kai a hanya ya karɓa. Tun 2003 ake biyan kuɗin shiga tsakiyar Landan da mota. An fara da fam 5, a 2020 ya kai fam 15 a rana. A mashigar Dartford da ke kan kogin Thames an cire rumfunan karɓar kuɗi a 2014, yanzu ta intanet ko waya ake biya kafin tsakar daren washegari. Kyamara ce ke ɗaukar lambar mota. In ba ka biya ba, tara za ta je wa kamfani, shi kuma ya cire daga katinka, ya ƙara da ladan wahalarsa, kana Zango ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba.

Daga ƙarshe, kowa ya tambayi kansa ko yana bukatar motar ma. Wanda harkarsa ba ta wuce cikin Landan ba, jirgin ƙasa na Piccadilly ko na Elizabeth, wanda aka buɗe a 2022, zai kai shi gari daga Heathrow ba tare da neman wurin ajiye mota ba. Haya ta fi amfani ga mai iyali da kaya, ko mai zuwa garuruwan da ke nesa da tasha. Shi ma ya zauna ya karanta takarda, abin da bai gane ba ya nemi bayani, sa'an nan ya sa hannu. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya, amin.