Teɓa Ba Shaidar Arziki Ba Ce

An daɗe ana ɗaukar teɓa alamar wadata, har idan ɗan kasuwa ko ma'aikaci ya ajiye tumbi sai a ce ya samu. Alhali kuwa likitoci sun tabbatar cewa kitsen ciki yana buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini. Mutum ya wuni zaune a kanti ko ofis, mota ta kai shi ta komo da shi, da dare ya cika ciki da tuwo da lemon kwalba. Abin da jiki bai ƙona ba kuwa tara shi yake yi.

Musulunci ya riga ya ba mu ma'auni. Aya ta 31 cikin Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta hana ɓarna. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba, ruwayar Tirmizi, ya kasa ciki uku: abinci, abin sha da numfashi. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Da fari ta tsere masa, amma da jikinta ya yi nauyi sai ya tsere mata.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi da motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Wanda ya ajiye mota, ya taka da hanzari zuwa masallaci da kasuwa minti 30 kullum, ya wuce wannan adadi. Azumin Litinin da Alhamis ma yana taimako idan ba a rama wajen buɗa baki ba, amma mai ciwon sukari ya fara tuntuɓar likita.

Jiki amana ne. Allah Ya ba mu ikon kiyaye shi, amin.