FASHIN BAƘI: Ina tsofaffin tukwanen gas ke zuwa idan wa'adinsu ya cika?

A jikin kowace tukunyar gas ta ƙwarai akwai lambobi da aka buga a kan ƙarfe, galibi a mariƙinta na sama ko a gindinta. Daga cikinsu akwai wata da shekarar da aka ƙera ta. Akasarin masu girki da gas ba su taɓa duba waɗannan lambobi ba, mai cika musu tukunyar a shagon unguwa kuma bai taɓa tambaya ba. Alhali bisa ƙa'idar Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, wato SON, wa'adin tukunyar gas ta girki shekara 15 ne, kuma ana so a sake gwada ƙarfinta duk bayan shekara biyar. Ke nan tukunyar da aka ƙera a 2010, aikinta ya ƙare a 2025.

Sai dai ƙarfe ba ya zama shara a ƙasar nan. Duk wanda ya san Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san cewa tsohon ƙarfe sabuwar sana'a yake samu. Tsohuwar tukunyar gas kan koma murhun gawayi, ko magasar nama, ko kwamin shayar da dabbobi, ko ƙararrawar makaranta. Ƙarfenta mai kauri ne, yana jure wuta, saboda haka maƙera ke son sa. Wannan hikima ce da babu dalilin kushe ta. Matsalar tana wurin yanka tukunyar, da kuma wurin waɗanda ba sa yanka ta sam.

Tukunyar da ake cewa babu komai a ciki

Gas ɗin girki a matsayin ruwa yake zaune cikin tukunya, saboda matsi. Idan aka buɗe kan tukunyar sai ya zama iska, kuma lita ɗaya ta ruwan kan koma iska fiye da lita 200. Lokacin da wuta ta mutu a murhu uwargida ta ce gas ya ƙare, ruwan ne ya ƙare. Cikin tukunyar, wanda a mai kilo 12.5 yakan ɗauki kimanin lita 26, yana nan cike da iskar gas, matsinta ne kawai ya ragu har ba ta iya fitowa. Kuma da yake ta fi iskar da ake shaƙa nauyi, ko an cire bawul ɗin an bar tukunyar a tsaye, ba ta tashi ta fice. Kwanciya take yi a ƙasa, kamar ruwa a rijiya.

A nan ne haɗarin yake. Gas zalla ba ya kamawa, sai ya gauraya da iska, kuma kaɗan yake buƙata: daga kimanin kashi 2 zuwa 10 cikin ɗari. Tukunyar da aka cire wa kai aka bari iska ta shiga tana iya kai wa daidai wannan gauraye. Tartsatsi ɗaya daga injin yankan ƙarfe ya wadatar.

Hanci ma ba abin dogaro ba ne. Gas ɗin kansa ba shi da wari. Wani sinadari ake zuba masa da gangan domin a gane idan yana yoyo, kuma tsatsar da ke cikin tsohuwar tukunya na iya shanye wannan warin. Mai walda ya sansana bai ji komai ba, sai ya kunna wuta.

Waɗanda suka san aikin suna rufe bawul, su fitar da sauran gas a fili nesa da wuta, su kwance bawul ɗin, sannan su cika tukunyar da ruwa har ya tumbatsa, domin ruwan ya kore iskar da ta rage. Wasu kan bar ruwan ya kwana, su zubar, su sake cikawa, saboda maiƙon da ke taruwa a gindin tukunya yana ci gaba da fitar da tururi. Aiki ne na kwana ɗaya ko biyu da ba a biyan kuɗinsa, shi ya sa ake yawan tsallake shi, kuma sau da yawa yaron shago ake miƙa wa injin.

Idan aka mayar da ita ƙarƙashin matsi

Tukunyar da ta zama murhu ta fita daga haɗari har abada. Wadda ba a yanka ba kuwa, tana iya komawa ɗaukar matsi a wani aikin da ba don shi aka ƙera ta ba. Ana ganin irinta a wurin masu faci da masu fentin mota, an haɗa ta da injin ta zama tankin iska. Iskar da injin ke matsawa tana zuwa da danshi, danshin ya zama ruwa a gindin tukunyar, ga shi ba ta da mazubar ruwa kamar tankin iska na asali. Sai ta riƙa ruɓewa daga ciki, inda ido ba ya gani.

Bayan cire tallafin man fetur a 2023, da gwamnati ta karkata ga gas ɗin mota na CNG, sai aka sami sabuwar ƙofa. Mutane da dama na ɗaukar gas duk ɗaya ne, alhali ba haka ba ne. A ma'aunin da iskar tayar ƙaramar mota ke nuna 2 zuwa 3, gas ɗin girki da wuya ya kai 15 ko da a zafin bazara, shi kuwa CNG ana ɗura shi a kan 200. Tukunyar CNG ta mota ba ta da ɗinkin walda a jikinta; ta girki kuwa gutsattsarin ƙarfe ne aka haɗa da walda. A watan Oktoba na 2024 wata mota ta tarwatse yayin da ake ɗura mata CNG a wani gidan mai a Benin, Jihar Edo, mutane suka jikkata, kuma hukumomi suka bayyana cewa tukunyar da ke jikin motar haɗin mai walda ce, ba wadda aka amince da ita ba.

Fenti ya rufe shekaru

Mafi munin makoma ga tsohuwar tukunya ita ce mafi sauƙi: a kankare tsatsa, a cike inda ta loɓa, a fesa mata sabon fenti, a mayar da ita kasuwa. Fenti mai kauri yakan rufe lambobin da aka buga. Mai saye, wanda ya ga kilon gas ya haura naira 1,000 a 2024, yana neman inda zai rage kashe kuɗi, sai ya ɗauki mai araha. SON ta sha kama tukwane marasa inganci tana lalatawa a gaban 'yan jarida, amma wannan bai taɓa tukwanen da tuni suke cikin ɗakunan girki ba.

Akwai wani saƙo da ke yawo a WhatsApp mai cewa a duba harafin A, B, C ko D haɗe da lamba domin sanin ranar da tukunya za ta lalace. Wannan tsarin Indiya ne, inda harafin ke nuna rubu'in shekarar da za a sake gwada tukunyar, kuma ba kowace tukunya ce a nan ke ɗauke da shi ba. Abin dubawa shi ne shekarar ƙira, da gindin tukunyar inda tsatsa ke fara ci, da ko an taɓa yi mata walda bayan ta bar masana'anta.

Wa ke da alhakin raba ta da aiki?

Wannan ce tambayar da ta shafi gwamnati. A Indiya tukunya mallakar kamfanin gas ce: mutum ya miƙa wadda ta ƙare, a ba shi cikakkiya, kamfanin kuma ya duba kowace kafin ya sake cika ta. A Najeriya mai gida ne ke da tukunyarsa. Shi ba shi da kayan gwaji, kuma babu wata sananniyar cibiya a unguwarsa da zai kai ta. Mai shagon gas kuwa, idan ya ƙi cika tsohuwar tukunya, maƙwabcinsa zai cika. Kowa na da dalilin kawar da kai.

Waɗannan shaguna kuma a tsakiyar jama'a suke. Ranar 4 ga Janairu, 2020, fashewar gas a wani shago a Sabon Tasha, Kaduna, ta yi ajalin mutane da dama, ciki har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya a lokacin.

Ba wai hukumomi ba su san maganin ba. A 2019 Ma'aikatar Man Fetur ta sanar da shirin raba masu amfani da gas da mallakar tukwane, a mayar da alhakin kan dillalai. Ghana ta ɗauki irin wannan mataki bayan fashewar da ta auku a mahaɗar Atomic a Accra a watan Oktoba na 2017, kodayake ita ma aiwatarwar ta ci shekaru. A 2021 tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya ayyana shekaru goma na bunƙasa gas, a shekarar ce kuma Dokar Masana'antar Man Fetur ta kafa hukumar NMDPRA mai sa ido kan rarraba shi. Duk da haka, wanda ya je shagon unguwa a Kano ko Kaduna zai tarar kowa da tukunyarsa a hannu yana jiran layi, kamar yadda ake yi kafin sanarwar. Ana ta kiran jama'a su bar itace da gawayi, kira ne mai kyau, amma kowace sabuwar tukunya da aka sayar yau tsohuwa ce nan da shekara 15.

A inda tsarin ke aiki, tukunyar da ta faɗi gwaji ana huda ta ko a murƙushe ta kafin a sayar wa masu narka ƙarfe, domin kada wani ya sake ɗura mata gas. A nan, ɗan gwangwan yana sayen ta lafiyayya a ƙofar gida, da bawul ɗinta da komai. Idan ya ɗora ta a sikeli, kuɗin ƙarfe kawai zai samu. Idan ya kai ta wurin mai fenti, zai samu fiye da haka.