YADDA AKE RABA GADON WANDA YA RASU BAI BAR WASIYYA BA

Sau da yawa magidanci kan rasu bai bar wasiyya ba, sai magada su bar gona da gida da dabbobi a hannun babban wa har shekaru su shuɗe. Wannan jinkiri shi ne tushen yawancin rigingimun gado, domin shaidu kan mutu, iyakokin gonaki su ɓace, wasu magadan ma su rasu kafin a raba. Ya kamata jama'a su sani cewa rashin wasiyya ba ya hana rabon gadon Musulmi, domin Alƙur'ani ya riga ya yanka wa magada rabonsu a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176.

Da farko, a tara magada a gaban mai unguwa ko dagaci da malamin da ya san ilmin gado, a rubuta duk abin da mamacin ya bari, har da bashin da yake bin mutane. A ware kayan matansa da amanar da aka ba shi ajiya, domin ba sa cikin gado. Daga nan a fitar da kuɗin jana'iza, sannan a biya bashin da ake bin sa, ciki har da sadakin da bai gama biya ba. Abin da ya rage shi ake rabawa.

Alal misali, mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza 2 da mace 1, dukiyar da ta rage kuma ta kai Naira 2,400,000. Matar tana da tumuni, wato Naira 300,000. Mahaifiyar tana da sudusi, Naira 400,000. Sauran Naira 1,700,000 na 'ya'ya ne: kowane namiji Naira 680,000, macen kuma Naira 340,000. 'Yan'uwan mamacin ba su da komai, saboda ɗa namiji ya kange su. Idan matar tana da juna biyu, a dakata har ta haihu.

Game da kuɗin banki ko haƙƙoƙin ma'aikaci, za a nemi takardar shaidar rasuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda sashen gado na Babbar Kotun Jiha ke bayarwa. A lura cewa wanda mamaci ya rubuta sunansa a banki a matsayin makusancinsa bai zama mai dukiyar ba. Kuɗin na dukkan magada ne.

Idan aka sami saɓani, kowane magaji, mace ko namiji, yana da ikon kai ƙara kotun shari'ar Musulunci. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya ɗaukaka ƙara, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, wadda tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba ikon sauraron irin waɗannan ƙararraki. Gadon wanda ba Musulmi ba kuwa, ana raba shi bisa al'adarsa ko dokar ƙasa, gwargwadon irin auren da ya yi.

A ƙarshe, ana kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni su tabbatar an rubuta kowane rabo a gaban shaidu, an kafa iyakokin gonaki, an ba mata rabonsu a hannunsu, an kuma damƙa kason marayu ga amintaccen waliyyi har su mallaki hankalinsu.