Majalisa, Gambara da Lafiyar Ƙwaƙwalwa: Halin Samarin Nima da Maamobi

Nima da Maamobi unguwanni ne guda biyu maƙwabtan juna a tsakiyar Akra, babban birnin Gana, wata babbar kwata ce ta raba su. Nima ta kafu cikin shekarun 1930, sa'ad da wani Bafulatani mai suna Malam Amadu Futa ya sami fili daga hannun mutanen Ga na Osu. Daga nan baƙi suka yi ta sauka: Hausawa, Zabarmawa, Kotokoli, Dagomba, Mosi da sauransu, har Hausa ta zama harshen da kowa ke ciniki da faɗa da sulhu da shi. Unguwar Kanda na tsallaken titi, da gidajenta na ma'aikata da Babban Masallacin Ƙasa da aka buɗe a 2021, fadar shugaban ƙasa ma ba ta da nisa. Yaron da ya tashi a lungunan Nima yana kwana yana tashi da ganin wadata a gabansa, ba tare da hannunsa ya kai gare ta ba.

Yawancin gidajen zango, wato irin waɗannan unguwannin baƙi, na haya ne, ɗaki ɗaya iyali guda. Da yaro ya balaga sai ɗakin ya yi masa kaɗan, titi ya zama falonsa. A nan majalisa take shigowa, wadda samarin suke kira bes: benci biyu a bakin hanya, kurfoti, butar ataya, da suna da aka rubuta a bango, wani lokaci sunan wani birni na Amurka ko Turai. Wanda bai san zango ba yakan ɗauka matattarar zaman kashe wando ce kurum. Ba haka abin yake ba. A majalisa ake jin labarin aiki, a nan ake haɗa gudummawar biki da ta mutuwa, a nan ake tara kuɗin belin wanda 'yan sanda suka kama. Sai dai majalisa tana da dokar da ba a rubuta ba. Ana iya yin ƙorafin rashin kuɗi dare da rana, ana iya zagin gwamnati, amma ba a cewa tsoro ya hana mutum barci, ko rayuwa ta fita masa a rai. Wanda ya gwada sai a yi masa dariya, ko a tuna masa cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Abin da ake haɗiyewa kuwa yana da yawa. A watan Janairun 2022 wasu ƙungiyoyin daba biyu suka gwabza da bindigogi da adduna a Nima da Maamobi da rana tsaka, hotunan suka bazu a duk ƙasar. Masu irin wannan ta'asa 'yan tsiraru ne, amma baƙin jinin kowa yake shafa. Saurayi mai takardun makaranta yakan ɓoye sunan unguwarsu idan ya je neman aiki, samamen 'yan sanda kuma ba ya tantance mai laifi da mai jiran shayi. Wanda aka sari abokinsa a gabansa yakan yi watanni yana firgita cikin barci, ƙarar salansar babur ta sa ya zabura. Likitoci sun san wannan a matsayin ciwo mai magani. A majalisa cewa ake yi wane ya cika zafin kai.

Cikin wannan yanayi gambarar zamani ta sami gindin zama. A tsakiyar shekarun 1990 Reggie Rockstone ya ɗora salon hip-hop na Amurka a kan harshen Twi da kiɗan highlife, aka sami abin da ake kira hiplife. Nima ba ta jira an gayyace ta ba. Ƙungiyar VIP, wadda Friction ya assasa tare da su Promzy da Prodigal da Lazzy, daga lungunanta ta fito, tana cakuɗa Hausa da Twi da Turancin buroka. Faifansu Ahomka Womu na 2003 ya mamaye Gana ya tsallaka Najeriya, a 2004 kuma suka karɓi kambun gwarzon shekara a bikin karrama mawaƙan Gana. Bayan ficewar Promzy, Rockstone da kansa ya shiga ƙungiyar a 2014, aka koma kiranta VVIP, shi kuma Lazzy ya riga ya koma Zeal. Wasan Sallahfest da suka saba shiryawa a Nima lokacin sallah ya sa yaran unguwa ganin taurari a kan titin da suke tallar ruwan leda.

Nasarar VIP ta buɗe ƙofa, amma ƙofar ƙunci gare ta. Kamar yadda ficen Mohammed Kudus, ɗan Nima, ya cika filayen ƙwallo da yara masu mafarkin Turai, haka kowane lungu ya sami ɗakin ɗaukar waƙa mai kwamfuta ɗaya da katifa a jikin bango. Mai son fitowa zai biya kuɗin ɗaukar murya, ya biya na bidiyo, ya sa wa masu saka waƙa a rediyo wani abu a aljihu, duk kafin ya ga sisi. Mawaƙan Gana sun daɗe suna kukan ƙanƙantar abin da suke samu daga GHAMRO, hukumar da ke tattara musu haƙƙin waƙoƙinsu, kuɗin sauraro ta intanet kuma sai waƙa ta zagaya sau dubbai masu yawa kafin ya sayi buhun shinkafa. Ga kuma nauyin gida. A gidan Musulmi na zango, uban da ya sa ɗansa a makarantar allo ba lalle ya yi murna da jin muryarsa a gidan rawa ba, saurayin sai ya rayu da fuska biyu.

Wanda ya ɗan yi suna ma bai tsira ba, domin sunan kan riga kuɗin isowa. Waƙa ɗaya ta yi tashe, dangi da 'yan majalisa su ɗauka arziki ya sauka, kowa ya miƙo hannu. Shi kuwa dole ya fito da sarƙa da motar aro, saboda sana'ar ba ta yarda a ga talaucin mai ita ba. Idan shekara biyu suka wuce ba wata waƙar da ta kama, sai ya dawo bencin da ya bari, a gaban mutanen da suka yi masa rakiya. Labarin Okomfour Kwadee, ɗaya daga cikin fasihan hiplife na farkon shekarun 2000, wanda jaridun Gana suka yi shekaru suna ba da rahoton rashin lafiyar ƙwaƙwalwarsa da shigarsa cibiyoyin farfaɗowa, ya nuna yadda masana'antar ke saurin juya baya ga wanda ya kwanta.

Duk da haka, gambara ta yi wa waɗannan samari abin da majalisa ta kasa. Black Sherif, wato Mohammed Ismail Sherif, wanda aka haifa a 2002 ya kuma tashi a zangon Konongo, ya gina sunansa ne a kan baƙin ciki, kuskure, rashin masoyi da wahalar neman na kai a Akra. Waƙoƙinsa na Sermon a 2021 da faifan The Villain I Never Was a 2022 suka kai shi ga kambun gwarzon shekara a 2023. Samarin da ba za su taɓa cewa suna cikin ƙunci ba suna rera baitocinsa da ƙarfi a bainar jama'a. A Amurka ma haka ta faru: faifan Kendrick Lamar na 2022, wanda ya fito lokacin da mawaƙin ke ziyara a Akra, ya yi magana a fili kan zuwa wurin masu ba da shawarar ƙwaƙwalwa. Matsalar ita ce, ciwon da aka rera ana tafa masa, wanda aka faɗa da baki kuwa ana kawar da kai. Waƙa tana rage raɗaɗi, tana kuma nuna wa mutum ba shi kaɗai ba ne, amma ba ta auna ciwo, ba ta rubuta magani.

Ciwon damuwa a jikin namiji ba kullum yake zuwa da kuka ba. Sau da yawa yana bayyana ne da saurin fushi, rashin barci, ƙin cin abinci, janye jiki daga mutane, ko ganganci da rai a kan babur. Idan irin wannan ya zarce mako biyu, ya wuce ɓacin rai na yau da kullum. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna mazan da ke kashe kansu sun ninka mata fiye da sau biyu. Wanda bai sami mai saurare ba yakan nemi sauƙi a wiwi ko ƙwaya. Wajajen 2017 zuwa 2018 tramadol ya addabi biranen Gana. Hukumar abinci da magunguna ta amince ne da mai nauyin miligiram 50 da 100, amma a titi ana sayar da na 225 da 250, wanda ke jawo farfaɗiya da kamu mai wuyar bari. A 2025 wani binciken BBC ya bankaɗo yadda wani kamfanin Mumbai ke turo haɗin tapentadol da carisoprodol zuwa Afirka ta Yamma. Yawan shan wiwi tun da ƙuruciya kuma yana ƙara haɗarin taɓin hankali, musamman ga wanda ciwon ke cikin danginsu.

Idan abu ya yi tsanani, iyali kan fara da malam. A ce shafar aljanu ce, ko sammu daga abokan hamayya, zargin da ke saurin karɓuwa idan mara lafiyar mawaƙi ne mai tasowa. A yi tofi, a yi ruƙiyya, a ba da rubutu. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma malamai da yawa su da kansu suke tura mutane can. Ɓarnar tana cikin jinkiri, da kuma ɗaure mutum da mari. Rahoton Human Rights Watch na 2012 ya fallasa yadda ake ɗaure marasa lafiya da sarƙa a sansanonin addu'a na Gana, hukumomi suka haramta hakan a 2017, ko da yake al'adar ba ta mutu ba.

Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne, duk a kudancin ƙasar: na Akra da aka buɗe a 1906, na Ankaful a 1965, da na Pantang a 1975. Na Akra tafiyar 'yan mintuna ce a motar haya daga Nima, amma sunansa kaɗai ya isa ya sa iyali su ja da baya, don gudun a ce an kai ɗansu gidan mahaukata. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 650,000 a Gana na fama da taɓin hankali mai tsanani, kuma kashi 98 cikin ɗari na masu larurar ƙwaƙwalwa ba sa samun magani. Tun daga lokacin doka ta motsa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma karkata ga kula da mutane a cikin unguwanninsu. Dokar miyagun ƙwayoyi ta 2020 ta sauya ɗauri da tara ga wanda aka kama da ɗan abin shansa. A 2023 majalisar dokoki ta soke laifin yunƙurin kashe kai, wanda tun 1960 yake kai mai neman taimako gaban alƙali.

Labarin waɗannan sauye-sauye bai gama isa bencin majalisa ba, kuma masu iya kai shi can sanannu ne: limaman Juma'a, sarakunan zango, shugabannin majalisu, da mawaƙan da samari ke haddace kalamansu. Ba sai an je babban asibiti ba, domin akwai ma'aikatan jinya na ƙwaƙwalwa a asibitocin gunduma, ana ganinsu a koma gida a ranar. Daga watan Nuwamban 2024 kuma, inshorar lafiya ta ƙasa ta shigar da ciwon damuwa, ciwon fargaba, ciwon hawa da saukar hali, da taɓin hankali mai sa jin muryoyi cikin cututtukan da katinta yake biya.