Katin Sarrafa Ma'ajiya da Sha'anin Wutar Lantarki

A watan Satumba na 2021 Gwamnati ta sa aka katse layukan wayar salula a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Makonni da dama ma'aikaci a Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum ba shi da hanyar kaiwa ga abin da ya ajiye a intanet, sai fa abin da ke cikin kwamfutar ofishinsa. Wannan kuwa ya isa dalilin da zai sa a nemi sanin mai tsaron wannan ajiya.

A cikin babbar kwamfutar ofis, watau wadda ake kira saba, akwai wani kati da ke tsakanin ƙwaƙwalwar na'urar da fayafayan ajiya. Matsayinsa na ma'aji ne: shi ke karɓar bayani, shi ya san faifan da zai zuba shi. Tsarin da yake bi shi ne RAID, wanda wasu masana uku na Jami'ar Kalifoniya suka bayyana a 1988. In an saita shi bisa RAID 1, kome aka rubuta sai ya shiga faifai biyu. RAID 5 yana son aƙalla uku, yana kuma jure mutuwar guda. RAID 0 sauri gare shi, amma faifai ɗaya ya lalace, duka an yi asara.

To, inda gizo ke saƙar shi ne wajen wuta. Katin yana da ɗan aljihu inda yake riƙe bayani na ɗan lokaci kafin ya kai shi faifai, alhali ya riga ya shaida wa kwamfuta cewa an ajiye. Wuta ta ɗauke a wannan tsakani, batirin da ke jikin katin ne kaɗai zai hana bayanin salwanta. Batir kuwa ba ya shiri da zafi, ga bazarar ƙasar Zamfara, ga ƙurar hunturu mai toshe fanka. Yawancin katunan nan in batirinsu ya mutu sukan daina amfani da aljihun da kansu, sai saba ta yi nauyi kwatsam. Gyaran da ya fi kowane muni shi ne a tilasta wa katin ya ci gaba da amfani da aljihun don neman sauri. A ofishin da ke dogara da janareto wannan ganganci ne. Batirin ya kamata a sake.

Har ila yau, faifai yakan mutu aiki bai tsaya ba, sai ɗan jan haske ko ruwan ɗorawa a gaban akwatin, wanda ba mai dubawa. Kafin a taɓa kome sai a karanta rahoton da katin ke ajiyewa, a tabbatar da lambar faifan da ya mutu, domin in aka zare mai lafiya a RAID 5, biyu ke nan suka fita. In katin kansa aka sake, sabon zai tambaya ko ya karɓi tsarin da ya tarar a fayafayan ko ya share shi. Amsar ita ce ya karɓa.