Sayayya daga waje ta intanet: Farashin da ke kan waya ba shi ne ƙarshe ba

Tun da Temu ya shigo Najeriya a ƙarshen 2024, ya tarar da AliExpress da Shein, odar kaya daga China ta zama ruwan dare. Mata da dama na sayo jakunkuna da takalma su sayar a WhatsApp. Sai dai wasu ba sa saka haraji a lissafi, sai kaya sun iso riba ta zama asara.

Haraji iri biyu ne a nan. Na farko shi ne VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin 100 a Fabrairun 2020. Daga Janairun 2022 hukumar tara haraji ta ƙasa ta ɗora wa kamfanonin waje masu sayar da hidima ta intanet alhakin karɓarsa daga hannun 'yan Najeriya. Shi ya sa mai tallata hajarsa a Facebook yake ganin ƙari a kan kuɗin talla.

Na biyu shi ne kuɗin fito, wanda kwastam ke karɓa idan kaya sun shigo ƙasa. A Satumban 2025 hukumar ta yafe shi ga kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba. Amma da sharaɗi: sau huɗu kacal a shekara, kuma ban da kayan da aka haramta shigo da su.

Wannan sharaɗin ne ya fi shafar 'yan kasuwa. Mai sayen agogo ɗaya don kansa ba shi da damuwa. Wadda ke yin oda duk wata kuwa, kafin tsakiyar shekara ta cinye rabonta.

Wasu ƙasashen ma tsuke ƙofar suke yi. Tarayyar Turai ta soke rangwamen VAT na kayan ƙasa da yuro 22 a Yulin 2021, Amurka kuma ta soke nata rangwamen fito na dala 800 a Agustan 2025.

Don haka kafin ka biya, duba ko an haɗa haraji a jimillar kuɗin, ka adana rasit ɗinka, domin da shi za ka kare darajar kayanka a gaban kwastam. Kada kuma ka yanke wa mai saye farashi sai kayan sun shiga hannunka.